Yadda na gyara rasibar RTL-SDR da ta ƙi kama tasha

RTL-SDR ƙaramar rasibar rediyo ce da ake sokawa a ramin USB na kwamfuta. Na soka ta a kwamfuta mai Linux, manhajar sauraron rediyo ta Gqrx ta ƙi ganinta. Kafin in ɗauko pawa da dalma, sai na tuna cewa guntun lantarki (chip) na RTL2832U da ke cikinta don kallon talabijin aka ƙera shi tun asali. Shi ya sa Linux ke riga kowa damƙe ta da direban talabijin, wato manhajar da ke tafiyar da ita a matsayin na'urar kallo, sai Gqrx ta kasa samunta.

Na buɗe sabon fayil a /etc/modprobe.d/, na rubuta blacklist dvb_usb_rtl28xxu don hana direban talabijin ɗin tashi, na sake kunna kwamfutar. Sai ga tashoshin FM raɗau.

Abin da ke damuna dai, tsohuwar rediyo kana buɗe bayanta ka bi ta da mita ka canza abin da ya ƙone. Wannan kuwa in guntun ya mutu, sai dai sabuwa.