Yadda zaka haɗa wa maganaɗisun raba taragu wuta a ƙaramin layin dogonka ba tare da ka ƙona shi ba

Duk wanda ya taɓa yin shantin, wato raba taragu da sake jera su, a kan ƙaramin jirgin ƙasa na tebur, irin sikelin HO ɗin nan da komai aka rage shi sau 87, ya san takaicin sa hannu ko tsinken sakace don raba tarago da tarago. Kana taɓawa tarago ya goce daga kan dogo, ga hannun riga ya kwashe ɗan bishiyar da ka kwana kana mannawa. Shi yasa ake binne maganaɗisun lantarki a ƙarƙashin layi, ka danna madanni ƙugiyoyin da suke haɗa taragun su buɗe da kansu.

Ni da na kamfanin Kadee na Amurka nake aiki, mai lamba 309. Ƙugiyoyin Kadee kowacce tana da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da yake reto a ƙasanta, to idan maganaɗisu ya kama sai ya ja wannan gefe ya ja wancan ɗaya gefen, baki ya buɗe. Akwai maganaɗisun da baya buƙatar wuta, amma shi kullum a kunne yake, jirgi na wucewa ya ɗan yi sako-sako sai kaga ya yar da rabin taragunsa a hanya. Na lantarki kuwa sai ka ce masa tashi.

Toh amma fa abin nan mayunwaci ne. Kwayil ne kawai, wayar tagulla da aka naɗe a jikin ƙarfe, kuma yana shan wajen amp 3 a kan volt 16, ka lissafa kaga kusan wat 48 kenan, zafin ƙarfen solda sosai, a ƙarƙashin katako da roba. Saboda haka kada ka kuskura ka ɗebo masa wuta daga wadda take tuƙa jirgi, kana dannawa kan jirgin zai yi tsaye cak ko na'urar ta yanke. Ka nemo masa transfomarsa daban mai bada wutar DC. In AC ce da kai sai ka sa mata rektifaya, na'urar da take mayar da AC ta koma DC, in ba haka ba zakaji kwayil yana gurnani ƙarafunan ƙugiya suna karkarwa maimakon su buɗe. Transfoma ɗaya ta ishi maganaɗisu huɗu ko biyar tunda ai ɗaya kake dannawa a lokaci guda.

Maganar makunni ita ce inda na sha wuya. Farkon haɗina makunnin da ake kunnawa ya zauna a kunne na saka, na raba tarago biyu, aka kira ni a waya na fita tsakar gida, ban dawo ba sai da naji ƙauri. Robobin da suke riƙe da dogo sun narke sun lotsa, layin ya karkace, sai da na ɓamɓare wajen duka. Tun daga ranar madannin da yake sakin wuta da zarar ka ɗaga yatsa nake sawa, irin na ƙararrawar ƙofa. Daƙiƙa biyar zuwa goma sun isa aikin.

Sai dai ƙananan madannan nan jajaye masu kyan gani a allo basa ɗaukar amp 3, cikinsu zai yi baƙi ko ya manne, kaga in ya manne an koma gidan jiya. Maganin shine riley, wato makunnin da ƙaramar wuta take tayarwa ya kunna babba, kuma na hon ɗin mota mai volt 12 da zaka samu wajen kowane mai lantarkin mota ya wadatar. Ƙafafunsa da lambobi. Fulos na transfoma ya bi ta fis mai amp 5 ya shiga ƙafa ta 30, daga ƙafa ta 87 waya ta tafi kwayil, ɗaya bakin kwayil ɗin ya dawo mainos. Su kuma 85 da 86 su zaka bawa volt 12 ta cikin madannin. Shikenan madanni ƙaramin kaya yake ɗauka, riley na ɗaukar babban. Wayar da zata je kwayil ta zama mai kauri, lamba 18, siririya tana cinye wutar a hanya sai kaga ƙugiya ta buɗe rabi.

Kar ka manta diyod, ɗan abin nan da yake barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai. Duk sanda aka yanke wa kwayil wuta yana mayar da wani harbi baya, shine tartsatsin da yake cinye bakin riley. Ka gitta diyod irin 1N5402 tsakanin bakunan kwayil biyu, ɓangaren da yake da zobe ya kalli fulos. In ka juya shi kana dannawa fis zai tashi, toh ka duba sau biyu kafin ka solda. Ni har ƙaramin LED nake ƙarawa a allo da rezisto mai om 1000, yana ci nasan kwayil na shan wuta. Masu DCC kuma, wato tsarin tuƙa jirgi da saƙon dijital, su bar dikoda, na'urar da take karɓar saƙon, ta tada riley ɗin kawai a saita mata daƙiƙu, kada a jona kwayil kai tsaye a jikinta.

Wajen binnewa ka zaɓi miƙaƙƙen layi, aƙalla tsawon tarago ɗaya daga kwana, don a kwana ƙugiyoyi basa fuskantar juna daidai. Ka fafe ramin ka gwada komai tun kafin ka zuba tsakuwa da gam, sannan ka ɗiga farin fenti a gefen wajen don bayan an rufe wallahi bazaka gane inda yake ba.

In ka gama haɗi ka danna kaga shiru, kada ka fara zargin waya tukuna. Yawanci ɗan ƙarfen ƙugiya ne yayi sama da yawa, ya kamata ya tsaya ƙasa da milimita ɗaya kaɗan daga saman dogo. Kuma ƙugiya bata buɗewa tana ɗaure da nauyi, sai ka tsaya a kan maganaɗisun ka ɗan turo baya ta yi sako-sako sannan ka danna. Ka ja gaba kaɗan yatsanka na kai, ka sake turowa, bakunan zasu haɗu a karkace basu kama juna ba, daga nan ka saki madanni ka tura taragon har inda kake so ka ajiye shi.