Kurakuran da ake yawan yi wajen tace tarihin Git da alamar tauraro

Duk wanda ya zauna kusa da masu koyon rubuta manhaja ya san wannan yanayin: mutum ya buga `git log`, umarnin da yake nuna tarihin sauye-sauye, tare da alamar tauraro (`*`), ya ga layi biyu ko uku, ko kuma bai ga komai ba, sai ya juyo da cikakken tabbaci ya ce babu wanda ya taɓa fayil ɗin. Na ji wannan magana har ta ishe ni, kuma kusan kullum tarihin yana nan daram, tambayar ce aka yi ta a karkace. Git, kayan aikin adana tarihin sauye-sauyen fayiloli wanda Linus Torvalds ya fara a 2005, yana amsa abin da ya iso gare shi ne, kuma sau da yawa abin da ya iso gare shi ya bambanta da abin da yatsunka suka rubuta.

Kuskuren da ya fi kowanne yi mini ɓarna shi ne rubuta tauraro babu alamar zance, kamar `git log -- *.sql`. Kafin Git ya ga wannan umarni, shel, wato shirin da kake buga umarni a ciki, bash ko zsh, shi ne yake fara karɓarsa, kuma da ya ga tauraro a buɗe sai ya duba foldar da kake tsaye, ya maye gurbinsa da sunayen fayilolin da suke wurin a wannan lokacin. Saboda haka Git ba ya ganin tauraron ko kaɗan, jerin sunaye kawai yake gani. Fayil ɗin da yake cikin wata folda ta ƙasa ba ya cikin jerin, wanda aka goge bara ma ba ya ciki, alhali galibi irin waɗannan ne suke sa mutum ya shiga binciken tarihi tun farko.

Na sha wannan ɗacin a wani aikin lissafin kuɗi da muka yi wa wani kamfani. Jimillar ragi ta fara fitowa ba daidai ba, aka tambaye ni ko an sauya wani abu a tsarin rumbun bayanai. Na buga umarnin nan ina tsaye a saman ma'ajiyar (babbar foldar aikin da Git yake kula da ita), inda akwai `farko.sql` da `gwaji.sql`, sai ya nuna mini kwamit (wato sauyin da aka adana a tarihi) huɗu, dukkansu tsofaffi. Na rubuta wa abokan aikina cewa rumbun bayanai lafiya lau yake, a nemi matsalar a wani wurin. Kwana biyu mutum uku suna tonon lambobin da ba su da laifin komai, yayin da sauyin yake kwance a `bayanai/sauyi/0031_ragi.sql`, fayil ɗin da aka shigar, aka gudanar, sannan aka goge. Ranar da wata abokiyar aiki ta buga `git log -- '*.sql'` a gabana, kwamit ɗin ya fito a layi na farko. Alamomi biyu ƙanana ne suka raba amsata da tata.

Abin da ya sa wannan kuskure yake da wuyar kamawa shi ne wani lokacin yana aiki. Idan babu fayil ko ɗaya da ya dace a foldar da kake, bash yakan miƙa wa Git tauraron yadda yake, amsa ta fito daidai, mutum ya ɗauka ya iya. Gobe wani ya ajiye fayil guda a wurin, umarnin da ya yi aiki jiya ya koma ba da rabin gaskiya ba tare da ko gargaɗi ba. Shi zsh, wanda Apple ya mayar shel na asali a macOS tun 2019, yakan ƙi gudanar da umarnin idan bai sami abin da ya dace ba, kuma wannan ƙin ya fi mini shirun bash. Ni dai ƙa'idata ita ce duk hanyar fayil da zan ba Git sai na sa ta cikin alamar zance mai ɗigo guda, ko da babu tauraro a cikinta, domin hannu ya saba. Wanda yake aiki a cmd na Windows ya yi amfani da mai ɗigo biyu, domin can ba a san mai guda a matsayin alamar zance ba.

Karan ɗori biyu (`--`) da suke gaban hanyar ma ba ado ba ne. Su ne suke gaya wa Git cewa abin da ya biyo baya fayil ne, ba reshe (wato layin aiki na daban a cikin tarihi) ba. Idan ka bar su kana neman fayil ɗin da aka goge, zai ce bai gane abin da kake nufi ba.

Akwai kuma masu ɗauko dokokin `.gitignore`, fayil ɗin da yake gaya wa Git abin da zai ƙyale, su ɗora a nan, su yi ta mamaki. A `.gitignore` tauraro ba ya tsallake karkatacciyar sandar da take raba foldoji, amma a hanyar da ake ba `git log` yana tsallakewa, don haka `'takardu/*.md'` zai kamo har abin da yake can ƙasa a `takardu/tsoho/2021/`. Idan hawa ɗaya kawai kake so, ka rubuta `':(glob)takardu/*.md'`, kuma a wannan salon ne tauraro biyu suke nufin kowane zurfi, kamar `':(glob)takardu/**/*.md'`. Haka nan Git yana auna hanya daga inda kake tsaye, saboda haka idan kana cikin wata folda kuma kana son dukan ma'ajiyar, ka fara da `:/`, wato `':/*.sql'`. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa, sai ka ƙara `:(icase)` idan wani ya taɓa rubuta `.SQL`.

Kuskure na biyu da nake son a tsaya a kansa ya fi na farko zurfi, domin ko ka rubuta komai daidai zai iya samunka. Idan ka ba `git log` hanya, yakan sauƙaƙa tarihin da kansa. Duk inda ya iso kwamit na haɗe rassa, ya ga fayil ɗin bayan haɗewar iri ɗaya ne da yadda yake a ɗaya daga cikin rassan biyu, sai ya bi wannan reshen kaɗai ya watsar da ɗayan. Manufarsa ita ce ya nuna maka yadda fayil ɗin ya kai ga halin da yake ciki yau, kuma a mafi yawan lokuta hakan ya wadatar. Sai dai a ranar da wani ya gamu da karo wajen haɗewa, ya ɗauki nasa ɓangaren gaba ɗaya ya zubar da gyaran ɗan'uwansa, to daidai reshen da gyaran yake ciki ne Git zai ɓoye.

Na ga an tsare wani matashi da tambayoyi a gaban mutane saboda wannan. Ya rantse ya gyara kuskuren kuma an haɗe aikinsa, babbansa ya buɗe tarihin fayil ɗin bai ga sunansa ba, aka ce masa ya daina faɗin abin da bai yi ba. Yaron gaskiya ya faɗa. Da aka ƙara `--full-history` kwamit ɗinsa ya bayyana, da aka ƙara `-m --name-status` kuma aka ga haɗewar da ta haɗiye shi. Abin yana ɓata mini rai har yau, domin wanda bai san yadda kayan aikinsa yake tace bayani ba bai kamata ya kafa hujja da shi a kan mutuncin wani ba. Kafin ka ce wa kowa aikinsa ba ya cikin tarihi, ka buga `git log --all --full-history -- 'hanya'`, saboda ba tare da `--all` ba reshen da kake kai kaɗai ake dubawa.

Shi `--follow` yana bin fayil guda ne ta cikin sauye-sauyen sunansa, don haka kada ka haɗa shi da tauraro, ka ba shi cikakken suna. Mai neman ranar da aka goge wani abu ya ƙara `--diff-filter=D --name-only`. Mai son cire wata folda daga sakamako ya rubuta `':!vendor'` cikin alamar zance mai ɗigo guda, domin bash yana ba alamar motsin rai wata ma'ana tasa ko a cikin mai ɗigo biyu. Ni na fi son `':(exclude)vendor'` duk da tsawonsa, saboda wanda ya karanta bayana zai gane nufina. Idan kuma ka sa `-p` ko `--stat` don ganin abin da aka sauya, sauyin fayilolin da suka dace da hanyar kaɗai za ka gani, ko da kwamit ɗin ya taɓa wasu goma, sai `--full-diff` ne yake buɗe sauran.

A kan fayilolin da suke nan yanzu, nakan gwada kowace hanya da `git ls-files -- 'hanya'`, wanda yake jera fayilolin da suka dace da ita, kafin in kai ta ga `git log`. Idan jerin da ya fito ya yi gajarta fiye da yadda nake tsammani, nakan koma in duba alamar zance da foldar da nake tsaye kafin in aika wa kowa amsa.