Darasi na Bakwai: Walƙiyar Lantarki da Idon Mai Gyaran Wuta

Idan sukundireba ta haɗa wayoyi biyu masu wuta, ko aka cusa fis a katawut alhali kayan gida na jan wuta, sai wutar ta yi tsalle ta cikin iska, ta yi walƙiya fara fat. Zafinta na iya kaiwa digiri 19,000 a ma'aunin Salshiyas. Cikin hasken akwai nau'in da ido ba ya gani, irin na walda. Shi ke ƙona fatar nan mai garai-garai da ta rufe baƙin ido.

Ciwon ba ya zuwa nan take, shi ya sa ake raina shi. Sai bayan awa 6 zuwa 12, galibi cikin dare, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido. Idon ya yi ja, hawaye na zuba, ko fitilar waya ba ya iya kallo.

Kada a murza. Fatar ta riga ta kwaile, murzawa ƙara mata rauni take yi. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi, a ɗora kan ido a rufe, a zauna a ɗaki mai duhu, a sha farasitamol. Ban da kwalli, ban da nonon mace ko ruwan albasa. Ƙwayoyin cuta kawai za su kai wa raunin. Maganin ɗigawa mai kashe zafi ma kada a saya a kemis, domin yawan sa shi yana hana idon warkewa. Da safe a je asibitin ido, a duba ko ɓarɓashin narkakken ƙarfe ya maƙale. Ƙunar kan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku. Amma idan gani ya dushe, ko baƙin tabo ya tsaya a tsakiyar abin da ake kallo, kada a jira gari ya waye, ƙila hasken ya taɓa can cikin ido.

Kafin aiki a kashe babban makunni, a cire fis a sa a aljihu, a gwada kowace waya da tasta. "An ɗauke wuta" ba hujja ba ce. Tana iya dawowa ba sallama, ko wani ya tayar da janareto. Wajen mayar da makunni a tsaya daga gefe, a kau da fuska. Tabaran rana ba ya maye gurbin garkuwar fuska ta masu aikin lantarki. Idan aikin ya haɗa da walda, gilashin garkuwar walda ya zama mai lambar duhu 10 zuwa 13, yaron da ke riƙe ƙarfe shi ma a ba shi nasa.