Darasi na 9: Santsi Ya Fi Guba a Gindin Jirgi

Duk masuncin Yawuri ko Argungu ya san abin da ke faruwa idan jirgi ya daɗe cikin ruwa. Da farko yauƙi ne ke kama katako. Sai gansakuka ta biyo baya, ƙananan halittun ruwa su sami wurin maƙalewa. Jirgi ya yi nauyi, mai tuƙi ya gaji, inji ya ƙara shan mai. Manomin shinkafa a fadama ma bai tsira ba. Irin wannan datti ne ke toshe rariyar bakin tiyo, ruwa ya ragu, injin ban ruwa ya wahala.

Masu manyan jiragen teku sun daɗe suna maganin wannan da fenti mai guba. Wanda ya fi ɓarna shi ne mai sinadarin TBT. Ya kori datti, amma yana narkewa cikin ruwa a hankali, har ya lalata kiwon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, a gaɓar tekun Faransa. A 1982 Faransa ta hana shafa shi a ƙananan jirage. A 2008 kuma yarjejeniyar duniya da ta haramta shi ta fara aiki.

Yanzu akwai fentin silikon, wani sinadari mai kama da roba. Shi ba kisa yake yi ba. Santsi gare shi kamar jikin tarwaɗa, saboda haka abin da ya hau ba ya samun riƙo. Idan jirgi ya ɗauki gudu, ko aka goge da soso, sai ya zube. Har cikin manyan bututun jan ruwa ana shafa shi. Amma yana da tsada, kuma yana da laushi. Jirgin da ake ja kan yashi da tsakuwa kullum zai kankare shi da wuri. Sai kuma an fara shafa wani fenti da ya dace a ƙarƙashinsa kafin ya kama.

To, mai jirgin katako fa? Ɗan'uwa, abin da ke hannunka ya isa. Fito da jirgin, ka kife shi a tudu. Kankare gindin da guntun katako, ka bar rana ta busar da saura, amma kada ya daɗe har ya tsage. Dattin da ka kankare, zuba shi nesa da bakin ruwa. Bakin tiyo kuwa, ɗaure shi kada ya kwanta cikin laka, ka riƙa ciro rariyar kana wankewa.

Don Allah, kada a shafa baƙin mai, kada a zuba maganin ƙwari cikin fenti. Ruwan nan shi yara ke wanka ciki, shi shanu ke sha, kifinsa muke kaiwa kasuwa.

Tambayoyi
1. Me ya sa aka haramta fentin TBT?
2. Ta yaya fentin silikon ke hana datti zama?
3. Rubuta waɗannan kalmomi sau uku: gansakuka, rariya, santsi.