Shokozobar FX3 ta Corvette C4: kurakuran da ake yi wajen bincike da canji

Daga 1989 zuwa 1995 kamfanin Chevrolet ya riƙa sa wa wasu motocin Corvette C4 (zubi na huɗu na Corvette) tsarin shokozoba mai canza tauri da ake kira FX3, kuma duk ZR-1, samfurin C4 mafi ƙarfin inji, da shi take fitowa. Shokozobar ta kamfanin Bilstein ce mai gas. A kan kowace ɗaya akwai akcuweta, ɗan injin lantarki da ke kama wani ƙaramin giya mai haƙora a saman sandar shokozobar. Idan giyan ya juya, bawul ɗin da ke ciki yakan buɗe ko ya tsuke hanyar mai, sai shokozoba ta yi laushi ko tauri. Direba na zaɓar Tour (laushi), Sport (matsakaici) ko Perf (tauri) da maɓalli, kwamfuta kuma tana ƙara tauri gwargwadon gudun mota.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a ga fitilar Service Ride Control ta kama a dashbod, a ce shokozoba ta mutu, a sayo huɗu. Kwamfutar ba ta san ko shokozoba na zubar da mai ba. Abin da take gani kawai shi ne ko akcuweta ta kai inda aka aike ta a kan lokaci, da ko saƙon gudun mota yana iso mata. Don haka a fara karanta lambar matsala ta soket ɗin bincike da ke ƙarƙashin dashbod, yadda littafin gyara na shekarar motar ya nuna. Lamba 23 ta fi kowace ruɗar mutane. Ma'anarta ba a samun saƙon gudu, kuma takan fito idan an murɗa makulli sau uku a jere motar ba ta motsa ba, abin da ke faruwa kullum a gareji. A fita da motar a ɗan zaga tukuna. Idan fitilar ta mutu, babu abin gyarawa.

Idan lambar ta nuna ƙafa ɗaya, a cire kilif ɗin da ke riƙe akcuwetar, a ɗaga ta a tsaye, kada a murɗa. A haska tocila a duba abu biyu. Haƙoran cikin akcuwetar na filastik ne, sukan cinye ko su tsage. Giyan da ke kan sandar shokozobar kuma a kama shi da yatsu biyu a juya: ya kamata ya tafi sumul, ya tsaya a iyakarsa ta hagu da ta dama, bai cika zagaye ɗaya ba. In yana zagayawa babu tsayawa, ya karye. In ya cije sai da filaya, matsalar tana cikin bawul, kuma sabuwar akcuweta da aka ɗora a kansa ba za ta daɗe ba haƙoranta za su tafi. Nan ne mutane da yawa ke asarar akcuweta biyu kafin su gane. Ana iya barin akcuwetar a jone da wayarta, wani ya murɗa makulli, a ga ko ta juya, domin tsarin yakan gwada kansa duk lokacin da aka kunna. A duba filogin ma, tsatsa da tsinkewar waya kusa da filogi ba baƙon abu ba ne a motar da ta haura shekara 30.

Gane shokozobar da ta gaji da gaske shi ma ana kuskure a kai. Danna gefen mota da hannu a saki ba ya nuna komai a mota mai tauri irin wannan. Ɗan danshin mai da ƙura ta manne a kai ba laifi ba ne, amma mai da ke gangarowa a jiki ya nuna sil, wato robar da ke hana mai fita, ya tafi. Idan an cire ta, a danne ta a ƙasa a saki. Mai lafiya za ta miƙe da kanta a hankali saboda matsin gas. Wadda ta zauna inda aka bar ta, ko ta yi wani wuri mara nauyi a tsakiyar tafiyarta, ta gama aiki. Motar da ta zauna ƙasa a gefe ɗaya kuwa ba shokozoba za a tuhuma ba. Nauyin C4 yana kan sifirin mai faɗi da aka gitta daga hagu zuwa dama, gaba da baya.

Yawancin ɓarnar wajen ɗaurawa ake yin ta. Kada a kusanto da bindigar iska kan notin sama. Tana juya sandar gaba ɗaya da ƙarfi, ta ɓata sil, ta fasa giyan. A riƙe sandar a wurin da aka tanada don riƙewa, a ɗaure da sifanar hannu. Kama sandar mai sheƙi da filaya ya fi muni, domin tabo ɗaya a jikinta zai riƙa yankar sil duk lokacin da ta shiga ta fita. Sannan a lura da tsayin giyan: dole ya ɗara bakin kofin da akcuweta ke zama da kimanin milimita 5. In bai kai ba, haƙoran za su kama da baki-baki kawai, su riƙa zamewa har su cinye. Abin da ke jawo haka galibi shi ne jera bushin da wosha ba daidai ba, ko rashin ɗaure notin yadda ya kamata. Akcuweta ta zauna da kanta ba tare da bugu ba, kilif ya shige raminsa duka, a ɗan ja ta sama a tabbatar, wayar kuma a bi da ita inda ba za ta goga da taya ko ƙarfe ba.

Duk inda bolti ya ratsa bushin roba, ɗaurin ƙarshe sai nauyin mota ya dawo kan ƙafafunta. Wanda ya ɗaure tam mota na kan jak ya bar robar a murɗe, kuma za ta tsage da wuri. Awon ɗauri a ɗauko shi daga littafin gyara.

Canza ƙafa ɗaya kaɗai kuskure ne. A canza biyun gaba tare ko biyun baya tare, kuma a sayi wadda ta dace da shekarar motar, domin na 1989 zuwa 1991 sun bambanta da na 1992 zuwa 1995, na 1996 kuma wani tsari ne dabam da ake kira F45. A ganinmu sake gina tsohuwar Bilstein ya fi sa shokozoba ta gama-gari, tunda an ƙera ta yadda za a iya buɗe ta a sabunta sil, mai da gas. Amma aikin masu kayan cika gas ne. Kada a huda ta, kada a kai mata wuta, matsin da ke ciki yana iya raunata mutum. Wanda ya zaɓi ta gama-garin ya sani fitilar za ta ci gaba da kamawa, kuma ya cire akcuwetocin ya adana su a busasshen wuri, ya naɗe filogin da ke jikin motar don kada ruwa ya shiga.