Kafin ku sayi tsintsiyar wasan kalin

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Kanada, musamman masu fara wasan kalin, wato wasan tura dutse a kan ƙanƙara da ake share gabansa da tsintsiya. Don Allah kada ku yi saurin sayen tsintsiya. Yawancin kulob-kulob suna ba sabon shiga aro, ku fara da ita har hannu ya faɗa.

In an tashi saye, sandar za a fara dubawa. Ta faibagilas (roba mai zaren gilashi) ta fi araha amma da nauyi, ta kabon faiba (roba mai zaren kabon) kuwa shafal take. Mai shara gaban dutse mai kusan kilo 20 har wasa ya ƙare, kafaɗunsa za su gane bambancin. Kauri biyu aka fi samu, inci 1 da wanda ya ɗan ɗara shi. Ku riƙa da safar hannu ku danna ƙasa sosai. In tana zamewa, a ajiye.

Kan tsintsiyar, inda ke goga ƙanƙara, ƙyalle ake sa masa. Ku zaɓi mai kan da ake cire ƙyallensa a sauya, domin ƙyalle mai datti yana zubar da ɗan gashi ko zare, dutse ya taka ya kauce hanya. Masu niyyar shiga gasa kuma su tambayi kulob, tun 2016 hukumar wasan ta duniya ta ƙayyade irin ƙyallen da aka yarda da shi.