Yadda Za Ka Bi Tarihin Tsofaffin Mujallun Labaran Binciken Laifi na Amurka

An buga waɗannan mujallu ne a kan takarda mai kaushi, mafi arha a kasuwa, shi ya sa har lebura yake iya sayensu. Kada ka karanta su barkatai. Bi su daki-daki, a nan ne za ka ga yadda salon ya sauya.

Da farko, leƙa mujallar Argosy. A 1896 Frank Munsey ya mayar da ita ta ƙagaggun labarai zalla, shafi 192 a kan senti 10. Ita ta share hanya.

Na biyu, nemi Detective Story Magazine, wadda kamfanin Street & Smith ya fara fitarwa a 1915. Karanta labari biyu ko uku, ka lura da yadda mai bincike yake warware kisa da kaifin basira.

Na uku, zauna sosai a kan Black Mask, domin nan ne gundarin maganar. H. L. Mencken da George Jean Nathan suka kafa ta a 1920 don su samu kuɗin riƙe wata mujallarsu ta adabi, ba da daɗewa ba suka sayar. A 1923 marubuta Carroll John Daly da Dashiell Hammett suka fito da mai bincike na kan titi, wanda yake shan duka, yake ramawa. Hammett ya san aikin, don ya taɓa aiki a matsayin mai bincike a Pinkerton, kamfanin binciken laifi mai zaman kansa. Edita Joseph Shaw, daga 1926 zuwa 1936, ya matsa wa marubuta su rage surutu, jimla ta zama gajera, zance ya yi kaifi. A hannunsa The Maltese Falcon, shahararren labarin Hammett, ya fara fitowa kashi-kashi a 1929, marubuci Raymond Chandler kuma ya shigo a 1933. A ganina, shekarun Shaw sun fi komai cancantar lokacinka.

Na huɗu, kwatanta Black Mask da kishiyarta Dime Detective, wadda ta fara fitowa a 1931. Yawancin marubutan zamanin senti ɗaya ake biyansu kan kowace kalma, saboda haka za ka ci karo da labaran da aka ja su da gangan.

Na biyar, duba fitowar ƙarshe. Ƙarancin takarda a Yaƙin Duniya na Biyu, ƙananan littattafai masu arha da talabijin suka karya kasuwar. Black Mask ta tsaya a 1951.

Akwai hotunan shafukan mujallu da dama a Internet Archive, wato rumbun adana littattafai na intanet. In kuwa ta asali ta shigo hannunka, buɗe ta a hankali, takardar tana ɓarewa. Kada ka manna mata salatif, ka kuma nisanta ta da rana da danshi.